Ranar Takardar Rai

Kakana, wanda duk Madarumfa ke kira Sarjan, ya rasu ran wata Talata bayan sallar asuba, yana zaune bisa buzunsa da carbi a hannu. Na Allah ne mu, kuma gare shi muke komawa. Kafin rana ta take tsaka mun kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

A zaman makokin nan kusan kowa da magana ɗaya yake farawa: "Ai ko shekaranjiya na gan shi." Ba ƙarya suke yi ba, don tsohon nan bai san zaman gida ba. Mai kifin bakin tabki, wata dattijuwa da suka daɗe suna faɗan ciniki, ta tsaya a bakin zaure ta kasa shiga. Ta ce, "To yanzu wa za ya riƙa raina min kihi?" Sai ta rufe fuska da mayafi. Abokinsa Kaparal, wanda suka yi soja tare, idonsa kuma ya tafi tun da daɗewa, an riƙo masa sanda har gaban mahaifina. Ya ƙi zama sai da ya tambayi ta wane gefe maƙabarta take. Aka juya shi can, ya ƙame, ya sara. Yara suka fara dariya, suka ga manya na share hawaye, suka yi tsit.

Mahaifina, babban ɗan mamacin, shi ke karɓar gaisuwa. Kowa na yaba yadda sanarwa ta kai ko'ina: an faɗa a rediyo, an buga wayoyi, har dangi na ƙetaren iyaka sun iso kafin la'asar. Ni kaɗai a wurin nake tunanin wadda ba a gaya wa ba, kuma ita ce ta fi kowa cancantar ji. Yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana wani ɗan ƙauye bayan Gabi. Ni ya ɗora wa kai mata labarin, da bakinsa, wata huɗu kafin ya rasu. Ban kai ba sai da ya kwana uku a ƙasa. Wannan rubutu ta'aziyya ce, amma ba zan ɓoye ba, da neman gafara a cikinsa.

Ni ne jikansa na fari, malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, da mata da ƴaƴa biyu, amma a bakinsa ban taɓa wuce Kurtu ba. Ni kuma Tsoho nake ce masa, kamar yadda jika ke yi da kakansa. Mutum ne dogo, siriri, mai son a yi abu kan lokaci. In ya ce ƙarfe bakwai, to bakwai saura ya tsaya a ƙofarka yana duban agogo yana tsaki. Bai cika ba da labarin soja ba. In an matsa masa sai ya ce, "Zahi, ƙishirwa da jira. Shi ke nan soja." Amma labarin garin nan, in ka kuskura ka tsaya kusa da shi, sai ƙafarka ta yi sanyi bai kai rabi ba.

Akwai rana ɗaya a shekara da ya fi ɗauka da girma, ita ce ranar takardar rai. Duk tsohon ma'aikaci mai karɓar fansho sai ya je da kansa an gan shi, a ba shi takarda mai hatimi cewa yana raye. Sauran tsofaffi sukan je su dawo su kwanta. Shi kuwa ranar ce yake haɗa duk wata hidima da ziyara ya yi su a jere, tun safe har yamma. Da can da kekensa yake yi, daga baya yana ɗaukar ɗan kabu-kabu. A wannan shekarar ya aiko aka kira ni.

"Kurtu, gobe ka nemi izini wajen diraktanku. Ka cika moto da mai."

Na ce, "Tsoho, daga nan zuwa meri ne sai an cika tanki?"

Ya ce, "Ni na tambaye ka nisa?"

Da safe na tarar da shi cikin tsohuwar rigarsa ta kaki, an goge ta har tana ƙyalli, da hular soja, da lambar yabo guda ɗaya a ƙirji. Takalmin nan ya sha shafa. Ya hau bayana bisa babur ɗin yana mita wai ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai.

A meri, ma'aikatar magajin gari, muka fara. Sakatariyar da ke rubuta takardar ta san shi sarai, amma sai ya tsaya gabanta ƙyam, ya ƙi zama.

"Duba ni da kyau, ɗiyata, kar gobe a ce kin sa hannu ga gawa."

Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai tun daga waje muka ji muryarka."

Ta buga hatimi, ya ninke takardar sau huɗu ya sa a aljihun ƙirji, ya danna maɓalli. Da muka fito ya ce mini, "Ka gani? Gwamnati ma ba ta yarda da an ce ba. Sai ta ga mutum da ido." Na ɗauka cikin surutunsa ne na kullum.

Daga nan sai likita. Aka auna masa jini, ma'aikaciyar ta ce ya hau, ya rage gishiri. Ya ce to, da ladabi kamar yaron kirki. Muna fita ya sa na tsaya wajen mai tebur, ya sayi gishiri ƙulli babba, da kanwa, da sabulu, da garin taba.

Na ce, "Tsoho, ko tawadar likita ba ta bushe ba."

Ya ce, "Ba nawa ba ne. Tuƙa."

A bakin tabki mai kifi ta hango mu ta fara ɗaure fuska. Ya ɗaga kifin banda ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan ƙaya ce zalla, wancan kuma tun yana saurayi aka kama shi. Ta ce in bai saye ba ya ba mutane wuri. Ƙarshe ya zaɓi manya guda uku, ta ƙara masa ɗaya ba tare da ya tambaya ba, ta ce, "Ka gaishe ta." A nan na fara gane inda muka nufa.

Bai hau moto nan take ba. Ya ja ni muka ɗan taka gefen ruwa, yana nuni da sandarsa. Ya nuna mini inda ruwa ya taɓa kaiwa wata shekarar ambaliya, can cikin inda yanzu ake lambun albasa da tumatir. Ya nuna wajen kaburburan waliyyan da ke kewaye da tabkin, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga nesa, ya ce mu mutanen gari mun fi baƙi jahiltar su. Ya nuna inda tsohuwar hanyar fatake ta bi ta yi kudu. Ni kuwa ina ta satar duban waya, don duk na sha jin waɗannan. Sai ya tsaya a gindin wani gawo, ya ce:

"Nan motar soja ta ɗauke mu. Na gudo daga ƙauye ban gaya ma kowa ba. Yaya ta ji, ta biyo ni da ƙahwa, da goyo a bayanta, tun daga bayan Gabi. Ta iso mota ta tashi. Ta bi mu da gudu ta jeho min ƙullin gumba, ya hwaɗi ƙasa. Ina kallonta tana ɗauka tana kakkaɓewa."

Wannan ban taɓa jin shi ba. Na mayar da wayar aljihu.

Ya kamata in faɗi yadda zancen yayar nan yake a gidanmu. Kakana ba a cikin Musulunci aka haife shi ba. Gidansu masu bin addinin gargajiya ne, na iyaye da kakanni. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, yayarsa ce ta goye shi. A soja ya musulunta, ya riƙe salla riƙon gaske, ya sa ƴaƴansa karatu. Ita kuwa ta tsaya inda aka haife ta. Mahaifina ya yi karatun addini mai zurfi, har yana jan salla a masallacin unguwa, kuma wannan asali yana yi masa nauyi. Ba a taɓa hana mu zuwa ba. Ba a dai zancenta ne, har muka girma muka iya rashin tambaya.

Sau ɗaya na ji sun yi faɗa a kanta, ina ɗan sakandare. Mahaifina ya durƙusa ya ce, "Baba, mutane na magana. A riƙa aika mata da saƙo mana, ba sai ka je ka wuni can ba." Kakana ya ajiye kofin shayi ya ce, "Malam, duk littattahan da ka karanta, wanne ya ce a yi zumunci da ɗan aike? Bayan da ya goye ni bai tambaye ni alƙibla ba." Mahaifina bai sake tayar da maganar ba, amma bai taɓa raka shi ba.

Kafin mu bar gari muka biya gidan Kaparal. Kakana ya fiddo batura ya sa masa a rediyo, ya kamo masa tasha, sannan ya jawo hannunsa ya hau yanke masa farce da ƴar aska. Yana yi suna gardamar wanda ya ɓatar da su a hamada shekaru aru-aru da suka wuce. Kaparal ya ce Sarjan ne ya riƙe taswira a juye. Kakana ya ce ƙarya yake, kuma ya daina motsi kar ya yanke shi. An ce mini kowane mako biyu haka suke yi, kuma ba a taɓa gama gardamar ba.

Muka ɗauki hanyar Gabi rana ta fara zafi. Bayan mun wuce garin muka bar babbar hanya muka shiga rairayi, tsakanin gonakin da aka gama girbe, sai kara a tsaye. A nan ya koma mini malami. Ya riƙa dukan kafaɗata.

"Kuka mai kogo, ka yi dama. Maimaita."

"Kuka mai kogo, dama."

"Rijiya mai bakin siminti, ka wuce, kar ka bi ta shanu. Tsamiya biyu, hagu. Maimaita."

Na ce, "Tsoho, ni hwa nike sa yara maimaitawa."

Ya ce, "Shi ya sa ba ka iya saurare ba."

Gidan yayar tasa ɗan ƙarami ne, dangar kara, rumbu biyu, da akuyoyi. Ƴaƴanta maza sun tafi cin rani Najeriya, sai surukarta da ke kula da ita. Tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ƴar tsohuwa ƙanƙanuwa, fuskarta sak ta kakana. Tun kafin in kashe moto ta ɗago kai.

"Auta, kai ne? Gwamnati ta gan ka?"

"Ta gan ni, Yaya. Saura ke."

Wannan mutum da duk Madarumfa ke tashi tsaye in ya shigo, sai ga shi ya cire hula ya durƙusa a rairayi. Ta shafa kansa, ta shafa fuskarsa, ta ce ya rame. Ya fiddo takardar meri ya buɗe ya miƙa mata. Ba ta karatu, amma ta riƙe ta da hannu biyu, ta shafa hatimin da ɗan yatsa, ta mayar masa. Sannan ta juyo gare ni.

"Wanga hwa?"

"Jikanki ne. Ɗan Malam."

Ta daɗe tana dubana. Sai ta ce, "Ashe ina da miji dogo haka, anka ɓoye min shi?" Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce mata ai ga ni na zo biko. Ta yi dariya da bakinta mara haƙori, ta sa aka kawo mana fura.

Suka buɗe kayan tana yaba kifin, tana raina tabar. Suka shiga lissafin waɗanda suka mutu cikin shekarar da waɗanda aka haifa. Can sai ta dubi inuwar rumbu ta ce, "Auta, lokacin sallarku ya yi." Ta tashi da ƙyar, ta ƙi a taimake ta, ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar butar ƙarfe da buzun akuya. Ita da kanta ta cika butar daga randa. A bayan ɗakin akwai wani ɗan fili da aka share, an jera masa duwatsu, yana duban gabas daidai. Surukarta ta gaya mini ba mai taɓa butar nan duk shekara, kuma tsohuwa ba ta barin ko akuya ta taka filin. Muka yi azahar a nan, ni da shi, ita kuma tana zaune nesa kaɗan tana korar kaji kar su gitta mana.

A hanyar dawowa, daidai kuka mai kogo, ya ce in tsaya. Ya sauka ya dube ni, babu wasa a fuskarsa.

"Kurtu, ba ta da waya, ba ta jin rediyo. Ran da na hwaɗi, kai za ka zo da kanka ka ɗauko ta, tun ba a ɗauke ni ba. Ta gan ni da ido. Na gaya mata kai ne za ka zo. Ka ji?"

Na ce, "Haba Tsoho, kai da gwamnati ta ba takarda yau."

Ya ce, "Na ce ka ji?"

Na ce na ji.

Ranar Talatar nan, da aka tabbatar ya cika, na tuna. Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce mantawa na yi ba. Na fito, na hau moto, har na tayar. Lokaci kuwa akwai shi, da na je na dawo da ita kafin a gama haƙa kabari. Sai mahaifina ya leƙo daga zaure, idonsa jajir, ya ce, "Ina za ka? Je ka kai sanarwa gidan rediyo, ka biya ka sayo likkafani." Kalma huɗu ko biyar ce kawai ta rage in faɗa. Na dubi malaman da suka fara taruwa a bayansa, na hango a raina tsohuwar nan tana saukowa daga moto a gabansu, na hango fuskar mahaifina. Na ce, "To, Baba." Tsoro na ji, ba wani abu ba. Na yi hidimar da aka sa ni da kyau, har ana yaba mini.

Kwana ukun nan ina raba ruwa da tabarmi, ina amsa "ya haƙuri". Da aka shafa addu'ar uku na sami mahaifina shi kaɗai a ɗaki, na durƙusa na gaya masa komai, tun daga kuka mai kogo. Na shirya wa faɗa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Da ka hwaɗa min." Ban san ko da na faɗa zai bar ni ba, ina jin shi ma bai sani ba. Ya tashi ya ɗebo gumbar sadaka ya ƙulla da hannunsa, ya miƙo mini. Ya ce, "Ka ce mata ɗanta na gaishe ta." Ban taɓa jin ya kira kansa haka ba.

Ban ɓata hanya ba ko sau ɗaya. Kuka, rijiya, tsamiya biyu. Tana nan a inuwar rumbun. Ta ɗago kai da ta ji moto, ta dubi bayana inda babu kowa. Ta ture kwaryar gyaɗa gefe, ta fara laluben mayafinta.

"Mu tahi, mijina. Na shirya."

Na sauka daga moto. Na durƙusa inda yake durƙusawa, na ce, "Kaka, an kai shi. Yau kwana uku."

Ta tsaya da mayafin a hannu.

"Ya ce kai za ka zo tun ba a ɗauke shi ba."

"Ya ce. Ni ne ban zo ba."

Ba ta tambaye ni dalili ba, kuma da ta tambaya da ya fi mini sauƙi. Ta koma ta zauna. Ta daɗe tana murza bakin mayafin. Sannan ta ce, a hankali, "Ni na hwara yi mishi wanka a duniya. Ba zan taɓa muku shi ba, na san ba a bari. In gan shi kawai." Sai hawaye. Surukarta ta fashe da kuka a bakin ɗaki. Ni ma na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Na ba ta gumbar, na faɗi saƙon mahaifina kamar yadda ya faɗa. Ta riƙe ƙullin a cinya tana shafawa. Ta tambaya ko ya sha wuya, na ce a zaune ya tafi, bisa buzunsa. Ta ce, "Haka shike, bai son kwanciya." Kaji na ta yawo tsakaninmu. Can ta dubi inuwar rumbu, ta dafa ƙasa ta tashi, ta shiga ɗaki. Ta fito da butar, ta cika ta a randa, ta ajiye a gabana.

Na yi alwala, na yi salla tsakanin duwatsun nan, na roƙa masa gafara da rahama, na roƙa wa kaina. Allah ya jiƙan Sarjan, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta, shi da bai taɓa yarda ya huta ba.

Da na zo tafiya na ɗauki butar ina juyawa. Duk ta lotsa, an yi mata faci a gindi. Na ce, "Kaka, in tahi da ita, in aje don tunawa da shi?"

Ta karɓe ta daga hannuna, ta zubar da sauran ruwan, ta goge ta da bakin zanenta.

"In ka tahi da ita, da mi za ka yi alwala baɗi?"